Amosanin jini a cikin aji: abin da ya kamata malami da iyaye su sani

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da aji a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya taɓa haɗuwa da irin wannan yaron. Siriri ne, bai kai tsaransa girma ba, farin idonsa ya ɗan yi ɗorawa. Yau yana aji, gobe babu shi, wani lokaci a yi sati biyu cur ba a ga ƙeyarsa ba. Ranar da ya zo kuwa, kafin a fita shan iska ya ɗaga hannu sau biyu ko uku yana neman izinin zagayawa. A littafin kiran suna, gaban sunansa ya cika da alamar fashi. A takardar sakamako an rubuta masa da jan biro cewa ba ya ƙoƙari. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara amosanin jini ne da su, ciwon da wasu ke kira emasi, a Najeriya kuma a ce sikila. Sau tari malamin da ke rubutu da jan biron bai sani ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa.

Ciwon ba baƙo ba ne a Nijar. Ƙiyasin da ma'aikatan kiwon lafiya ke bayarwa ya nuna tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na ɗauke da irin ciwon a jininsa, wato AS, alhali shi kansa lafiyarsa lau. Wani babban bincike da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai an haifi jarirai kusan dubu 515 da ciwon a duniya, kusan kashi huɗu cikin biyar a Afirka kudu da Sahara. Makarantar da ke da ɗalibai ɗari biyar ko ɗari shida, irin waɗanda ke birjik a manyan garuruwa, da wuya a ce babu ko ɗaya a cikinta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a likitocinta, ko da yake kowa ya san magani kan yanke a koma saye a farmasi. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida gida ana rabawa da damina, wato CPS, shi ma na ƴan wata 3 zuwa wata 59 ne. Yaro na cika shekara biyar, duka biyun sun ƙare. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a kai shi ajin CI. Wato daidai lokacin da ya fita daga idon uwarsa, wadda ta san kukansa ta kuma san ranar da tafin hannunsa ya yi fari, ya faɗa hannun malami mai ɗalibai saba'in ko tamanin, a lokacin ne kowace takardar magani ta koma wuyan mahaifinsa. Ga shi ana komawa makaranta a watan Oktoba, masassarar cizon sauro ba ta gama lafawa ba.

Abin da ke faruwa a cikin jini

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi. Suna tanƙwaruwa su ratsa ƙananan jijiyoyi su kai iska ko'ina cikin jiki, kuma kowace kan yi kwana 120 kafin ta mutu. Na mai amosanin jini kuwa, da zarar iska ta yi musu ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai su sandare su lanƙwashe kamar lauje, kuma ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Matsala biyu ke tasowa daga nan. Ta farko ƙarancin jini na kullum, wanda ke kawo saurin gajiya da haki. Ɗorawar idon ma daga yawan fashewar ƙwayoyin take. Ta biyu toshewar jijiya: ƙwayoyin su cunkushe kamar amalanke a ƙofar kasuwa, jini ya kasa wucewa, wurin da bai samu jini ba ya ɗauki ciwo. Shi ne ciwon da ke sa yaro birgima yana kiran ƙafa, baya ko ciki.

Gado ne daga uwa da uba gaba ɗaya. Idan dukansu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ba layi ake bi ba: wani gida ya haifi ƴaƴa shida babu SS ko ɗaya, wani ya haifi uku a jere. Akwai kuma SC, wanda yawanci ya fi sauƙi, amma shi ma yana tashi. Ba a ɗaukarsa ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko zama a benci ɗaya. Gwajin Emmel da aka saba yi yana nuna akwai S a jini ne kawai, ba ya raba AS da SS. Wanda ke rabawa shi ne gwajin elektoroforez, kuma shi ya kamata iyaye su nema.

Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne: ƙishirwa, sanyi, tsananin zafi, wahala fiye da kima, masassara. Idan aka duba da kyau, ranar makaranta guda na iya tara su duka.

Ruwa da makewayi

Abu mafi araha kuma mafi muhimmanci shi ne ruwa. Likitoci kan ce yaron ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini gwargwadon girmansa, da bazara fiye da haka, kuma kaɗan kaɗan duk tsawon yini, kada a jira sai ya ce yana jin ƙishirwa. Dalili kuwa shi ne ƙodarsa ba ta iya tsimin ruwa kamar ta sauran mutane, zubarwa take yi ko da jikin na bukata. Shi ya sa yake yawan fitsari, shi ya sa wasu ke fitsarin kwance har sun tasa.

To amma a aji da yawa dokar ita ce ba a sha, ba a fita, sai an buga ƙarfe. Dokar na da dalilinta: malamin da ya bar yaro ɗaya ya fita, ashirin za su bi bayansa. Sai dai yaro ba wawa ba ne. In ya lura cewa shan ruwa na kai shi ga neman izini, neman izini kuma na jawo masa tsawa ko dariyar ƴan aji, sai ya yi wa kansa dabara ya daina sha. Da safe zuwa azahar bai kurɓi kome ba. Da dare ciwo ya tashi, washegari yana gadon likita ana ƙara masa ruwa a jijiya, ruwan da da an bar shi ya sha da bakinsa da ba a kai nan ba. Ga ƴan mata abin ya fi tsanani, musamman inda makewayin makaranta ba shi da ƙyaure, ko ya cika, ko babu shi sam. Yarinya ta gwammace ta yini da ƙishirwa a kan ta tsuguna bayan katanga.

Maganin wannan ba ya bukatar kasafin kuɗin ƙasa. Gora ko ɗan bido na yaron shi kaɗai, a cika masa daga gida tunda ba kowace makaranta ke da pampo ba, ya ajiye ƙarƙashin teburi. Sai izini na dindindin: ya tashi ya fita ba tare da ɗaga hannu ba. A zaunar da shi inda zai fita bai ratsa dukan aji ba, amma ba a bakin ƙofa inda iska ke bugawa ba.

Maganar iska ta kawo zancen ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin safiya na matse jijiyoyi, ƙwayoyin jini su fi saurin cunkushewa, kuma ma'aikatan jinya sun san a wannan lokaci irin waɗannan yara ke yawaita a hannunsu. Ajin zana ba ya tare iska. Yaron da ke zaune a ƙasa kan rairayi mai sanyi yana bukatar tabarma ko buhu. Rigar sanyi, safa da hula ba ado ba ne a wurinsa, don haka bai dace a tuɓe masa su a bakin ƙofa don launinsu ya saɓa da kayan makaranta ba. A gida kuma, wankan safe da alwala a yi su da ruwan ɗumi. Yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo da asuba ko da dare, saboda haka bayanin da aka yi wa mushe a yi wa malamin allo irinsa.

Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40. Tsayuwa a rana wajen ɗaga tuta, sharar fili, ɗebo ruwa ga aji, duk ayyuka ne da ake iya ba wani, shi a ba shi rabon kaye ko riƙon alli. Kwara wa jiki ruwan ƙanƙara bayan an yi gumi shi ma yana tayar da ciwo, saboda saurin sauyi daga zafi zuwa sanyi. Ga ƴan kwaleji akwai batun azumi. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba ya son a gan shi yana shan ruwa tsaransa na azumi. Addini ya yi wa majinyaci rangwame, kowane malami ya sani. Abin da yaron ke bukata shi ne a faɗa masa wannan a gaban mahaifinsa, bayan an ji ta bakin likita, a kuma ba shi wurin da zai sha ruwansa ba a idon jama'a ba.

Horo kuwa, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana da zagaye fili da gudu suna iya kai wannan yaro gadon likita. Wannan ba ya nufin ba a tsawata masa. Yana laifi kamar kowane yaro, kuma wanda aka bari ya sangarce don yana ciwo an ƙara masa wani ciwon. A nemi horon da ba ya taɓa jiki. Wasanni ma ba a hana shi gaba ɗaya, don zaman gefen fili kullum yana kallon tsaransa na da nasa zafi. Ya buga ƙwallo, ya sha ruwa kafin ya fara da bayan ya gama, ya tsaya sa'ad da ya ce ya gaji ba tare da an ce masa rago ba. Gudun dogon zango da gasar ƙure ƙarfi su ne ba nasa ba. Mai shirin BEPC ya nemi takardar likita kan wasannin jarrabawa tun farkon shekara, kada a bari sai ranar ta matso.

Ranar da ciwo ya tashi a aji

Idan ciwon ƙashi ne mai sauƙi, babu masassara, a kwantar da yaron wuri mai ɗumi, a ba shi ruwa, a ba shi parasetamol ɗin da iyayensa suka ajiye bisa awon da likita ya rubuta, a ɗora masa tsumma mai ɗumi a wurin, a kira gida. Ba a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi, ba a ɗaure wurin tamau. Kuskuren da aka fi yi, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne a ce masa ya tafi gida. Yaro mai ciwo ya kama hanya shi kaɗai a ƙasa cikin rana, wataƙila ya tarar uwar ta tafi kasuwa. Ko a zo a ɗauke shi, ko babba ya raka shi.

Akwai alamomin da ba a jiran kowa a kansu, sai dai a nemi kabu-kabu a nufi likita ana kiran iyaye a hanya. Na farko zafin jiki da ya kai digiri 38.5. Saifar yawancin yaran SS ta daina aiki tun suna ƙanana, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, don haka masassarar da wani yaro zai kwana da ita ya tashi garau tana iya kayar da wannan cikin ƴan awoyi. Ma'aunin zafi guda a ofishin darakta ya isa makaranta duka. Sai ciwon ƙirji da tari da numfashi sama sama. Sai fari fat na tafin hannu, harshe da cikin fatar ido tare da kasala, ko kumburin ciki ta gefen hagu: jini ne ya faɗi, kuma mai yiwuwa sai an yi ƙari. Ga yara maza akwai miƙewar gaba mai ciwo wadda ba ta da alaƙa da sha'awa. In ta kai awa guda ba ta kwanta ba, ta likita ce, jinkiri na iya nakasa shi har abada. Kunya kan hana su faɗa, shi ya sa ya kamata uba ko malami namiji ya riga ya yi musu bayani tun abin bai faru ba.

Mafi haɗari shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mutane sun ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali binciken da aka yi kafin a samu hanyar rigakafi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS na gamuwa da ita kafin shekara 20, kuma ƴan firamare na cikin waɗanda ta fi kamawa. Baki ya karkace, hannu ya saki biro, magana ta sarƙe, ƙafa ta ja, ko matsanancin ciwon kai. Ko da abin ya wuce cikin minti biyar yaron ya ci gaba da wasa, a kai shi likita a ranar.

Akwai kuma wadda ba ta nuna kanta. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan toshe ba tare da yaron ya faɗi ba, kuma hoton ƙwaƙwalwa na nuna irin wannan tabo ga kusan ɗaya cikin uku. A nan malami ya fi likita gani, ya fi iyaye ma. Shi zai lura cewa yarinyar da bara take ta biyar a aji bana ta manta jadawalin sau, ko rubutunta ya lalace, ko sai an maimaita mata umurni sau uku. Kafin a ce wasa ya yi mata yawa, a kira iyayenta su faɗa wa likita. Ana da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai ga yara ƴan shekara 2 zuwa 16, a gano wanda ke cikin haɗari tun abin bai auku ba. Binciken da aka gudanar a asibitocin Kano ya nuna maganin da ake sayarwa da sunan Hydrea na rage wannan haɗari, wani binciken kuma da aka wallafa a 2019 kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya nuna yana rage tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace. Magani ne na kullum da ba a sha sai da likita da awon jini a kai a kai, kuma kuɗinsa na da nauyi ga talaka. Cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo, CNRD, wadda ta fara aiki a 2010 da tallafin ƙasar Monako, tana Yamai ne: fiye da kilomita 500 daga Tawa, fiye da 600 daga Maraɗi, kusan 900 daga Damagaram. Ga mafi yawan iyalai, abin da ke kusa shi ne majon CSI da sashen yara na asibitin jaha.

Ramin da ke cikin kaye

Abin da ke fitar da yaran nan daga makaranta a ƙarshe, sau da yawa fashi ne. Inda littattafai ba su wadata ba, darasi a allo yake, a kwafa a kaye, a goge. Wanda ya yi sati biyu a kwance ya dawo ya tarar da rami a kayensa, an wuce raba lamba, an shiga wani babi. In jarrabawa ta faɗo yana gado, a sa masa sifili. Sifili biyu ko uku sun isa su karya makin shekara, ya maimaita aji, a kwaleji ma a kore shi. Ƙwaƙwalwar ba ta gaza ba, lissafin maki ne ya kayar da shi.

Malamai masu lura suna da dabarunsu. A haɗa shi da abokin kaye, ɗan unguwarsu mai kyan rubutu, wanda zai riƙa kai masa darasi gida. Inda akwai babbar waya, a ɗauki hoton allo kafin a goge a tura wa iyaye ta WhatsApp. In ya kawo takardar likita a sake masa jarrabawa, ko a yi lissafin makinsa da waɗanda ya zauna. In ya dawo kada a tara masa aikin sati biyu a dare ɗaya, a zaɓi abin da darasin gaba ya dogara a kansa.

Wasu iyaye da kansu ke cire yaron. Sun ji ana cewa mai wannan ciwo ba ya kai shekara ashirin, sai su ga kuɗin kaye da na kayan makaranta gara a tara su don magani. Maganar ba gaskiya ba ce. A ƙasashen da ake gano ciwon tun haihuwa ana kuma bin yaron da kulawa, fiye da tara cikin goma na kai girma, a Nijar ma akwai masu ciwon da suka yi karatu, suna aiki, sun yi aure sun haifu. Kuma a duba abin da ke jiran wanda aka cire. Noma da rana tsaka, dako, kabu-kabu, birkila, haƙar zinariya a Jado, tallan yini a ƙasa ko dakan hatsi ga yarinya: duk hanyoyin cin abincin wanda bai yi karatu ba ƙarfin jiki suke nema, shi ne kuwa abin da ba shi da shi. A cikin ƴaƴan gida, in akwai wanda bai kamata a cire daga makaranta ba, to shi ne.

Sirri da takarda guda

Me ya sa ba a gaya wa malami? Tsoro. Uwa na gudun dangin miji su ce daga wajenta ciwon ya fito, ko da yake rabi daga uban yake. Uba na gudun a ji a gari, ƴaƴansa mata su rasa manema. Inda aka yi ta rasa yara a jere akan ce wabi ne, wani wuri a ce maita ko iskoki, a yi ta yawon neman magani har a manta da gwajin jini. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma makarantar da ke son a gaya mata sai ta iya riƙe sirri. Darakta, malamin aji da malamin wasanni sun isa. Ba a tsayar da yaro gaban aji a ce ga mai ciwo, ku tausaya masa. Ana iya yin darasi kan jini da gado ga kowa da kowa ba tare da an ambaci suna ba, a bayyana cewa ɗorawar idon nan ba shawara mai yaɗuwa ba ce. A kwaleji tsokana kan koma kan jiki, don balagarsu kan yi jinkiri da shekara ɗaya ko biyu. Malami ya san cewa za ta zo, ya kuma hana a mayar da abin wasa.

A Faransa akwai takarda da ake kira PAI, wadda iyaye, darakta da likitan makaranta ke sa wa hannu ga duk yaro mai ciwo na dindindin. Yawancin makarantun Nijar ba su da likita ko ma'aikacin jinya, amma ba abin da ya hana a yi irinta a shafi guda na kaye: sunan ciwon, lambobin waya biyu ko uku, maganin da yake sha da awonsa, rukunin jininsa, likitar da ta san shi, alamomin da za a ruga da shi, da izinin iyaye cewa a kai shi ba sai an jira su ba. Majon CSI na iya taimakawa wajen cikawa. Amfanin rubutu shi ne malamai na sauyawa, musamman ƴan kwantaragi. Alkawarin baki na tafiya da wanda aka yi da shi, takarda kuwa tana nan a ofishin darakta. Kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta AME suna da rawar takawa a nan: randa mai murfi a aji, ƙyaure a makewayi, ma'aunin zafi, da ɗan kuɗin kabu-kabu na gaggawa da ba sai an yi taro kafin a taɓa shi ba.

Takardar nan ba ta amosanin jini kaɗai ba ce. Mai farfaɗiya in ya faɗi, yara kan watse don an ce yawunsa na yaɗa ciwon. Ba ya yaɗawa. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, in ya wuce minti biyar a tafi likita. Maganin da yake sha kullum kuma na iya sa shi gyangyaɗi a aji. Mai asma a raba shi da shara da goge allo, musamman da hunturu, abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, in ya fara gumi da kyarma, a ba shi sukari ko abin sha mai zaƙi nan take, a kuma bar shi ya ci abinci a aji.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, dokar ilimi ta LOSEN ta 1998 kuma ta ce karatu haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Majalisar ta ware 19 ga Yuni a matsayin ranar amosanin jini ta duniya, ana bikinta tun 2009 da jawabai da gwaji kyauta a wasu wurare. Sai dai 19 ga Yuni na zuwa ne azuzuwa na shirin rufewa, malamai sun duƙufa kan jarrabawa. Ga ɗan makaranta, ranar da ta fi amfani ita ce ta rajista a farkon Oktoba, sa'ad da darakta ke zaune da biro a hannu yana karɓar takardun haihuwa. Karnen likita ba ya cikin abin da ake tambaya a ranar, sai in uban yaro ya fito da shi daga aljihu da kansa.